Kasuwar Ilimi a Cikin Waya: Za Ta Ci a Birnin Kudu da Gwaram Kuwa?

Duk wanda ya taɓa halartar ƙaddamar da littafi a Dutse ko a Kano ya san yadda ake yi. A kama zauren taro, a raba katin gayyata, a nemo uban taro da babban mai ƙaddamarwa. Mai sharhi ya tashi ya yaba, daga nan wani mai hali ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗin da ya haura kuɗin bugun gaba ɗaya. Marubucin da ya san manya yakan mayar da jarinsa a yini guda. Wanda ba shi da uwa a gindin murhu kuwa sai ya kwashi littattafansa ya kai ɗaki su yi ta shan ƙura.

Yanzu an sami wata irin ƙaddamarwa da ba ta neman zaure, ba ta jiran Alhaji. Marubuciya tana zaune a ɗakinta za ta rubuta labari a waya, ta saki shafukan farko kyauta a guruf ɗin WhatsApp. Idan labarin ya kai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba, sai ta sanar cewa daga nan sai wanda ya biya, ga lambar asusu, 'yan Nijar kuma ga hanyar da za su bi. Haka mai koyar da girki take yi, da mai haɗa turaren wuta da humra, da saurayin da ya iya gyaran waya ko haɗa sola, da malamin lissafi mai shirya yara don jarrabawar JAMB. Kowa ya tattara abin da ya sani, ya mayar da shi rubutu ko murya ko bidiyo, ya sa masa farashi. Gardamar da ake yi a majalisu, daga bakin tashar Birnin Kudu har cikin kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, ita ce ko wannan sana'a ce da ya dace matashi ya ba ta ƙarfinsa, ko kuwa wata sabuwar hanya ce ta ƙona data da ɓata shekaru.

Masu goyon baya suna farawa ne da maganar jari, kuma a nan hujjarsu tana da ƙarfi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, komai na ɗab'i ya yi tashin gwauron zabo, daga takarda har tawada har kuɗin motar da za ta kai kaya Kano ta dawo da su. Wanda zai buga kwafi dubu dole ya biya kuɗin dubun kafin ya sayar da ɗaya. Littafin waya ba haka yake ba. Wahalarsa sau ɗaya ce, ranar da ake rubuta shi. Kwafi na ɗari bai ci maka ko sisi fiye da na farko ba, ba ya jiƙewa da damina, gara ba ta cin sa, kuma ba ka biyan hayar rumfa. Ga matar aure da ke cikin kulle wannan ba ƙaramin abu ba ne. A da sai ta ɗora wa 'yarta tire ta tura ta talla, yarinyar ta rasa makaranta. Yau tana iya koyar da mata talatin haɗa sabulu ba tare da ita ko 'yarta sun taka ƙofar gida ba.

Sai maganar girman kasuwa. Mai rumfa a Birnin Kudu abokan cinikinsa su ne mutanen gari da na ƙauyuka irin su Kantoga da Sundumina, sai matafiyan da suka tsaya a kan titin Kano zuwa Maiduguri. Mai darasi da Hausa kuwa kasuwarsa ta kai Maraɗi da Damagaram da Agadas, ta kai zangon Kumasi, ta kai Sudan da Saudiyya, duk inda Bahaushe ya yada zango da waya a aljihunsa. Karɓar kuɗi ma, wadda a da ita ce ƙashin bayan matsalar, ta zo da sauƙi ta hanyar da ba wanda ya so. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya wahalar da mutane matuƙa, amma shi ya tilasta wa mai shayi da mai kayan miya buɗe asusun OPay ko Moniepoint, ya kuma cika ƙauyuka da masu POS. Mutumin da a da bai yarda da kuɗin da bai taɓa da hannunsa ba, yanzu alat yake jira.

Suna ƙarawa da cewa Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure, a lokacin da wayar salula ma ba ta gama zaga ƙasar ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, ta jiha ta biyo baya a Kafin Hausa. Shugaban hukumar NITDA tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne. Ita kanta Birnin Kudu garin makarantu ce tun tuni: kwalejin gwamnati da ke garin ta yaye manyan mutane, cikinsu har da Aliko Ɗangote, ga makarantar koyon aikin jinya, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Kowace shekara ana yaye matasa, aikin gwamnati kuma ba ya ɗaukar ko kashi kaɗan daga cikinsu. Me za su yi da abin da suka koya, in ba su sayar da shi ba?

Hujjar da ta fi kama ni a ɓangarensu ita ce ta harshe. Kusan duk wani bayani mai amfani da ke intanet da Turanci yake. Manomin riɗi a Basirka ko Fagam ba zai karanta shi ba, amma yana sauraron saƙon murya, yana kuma kallon bidiyo. A ɗauki ajiyar wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa, irin wanda wasu 'yan kasuwa ke yayyafawa don kashe ƙwaro. Waken da Turawa suka ƙi, mu ne muke dafa shi mu ci da 'ya'yanmu. Alhali akwai buhu mai ninki uku wanda ke kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, ba tare da ɗigon magani ba, in dai an shanya waken sosai an kuma ɗaure kowane ninki daban. Malaman gona na JARDA ba za su iya zaga kowane ƙauye ba. Idan wani matashi da ya karanci aikin gona ya ɗauki bidiyo na minti goma da Hausar da manomi ke ji, ya nuna yadda ake shanyawa da yadda ake ɗaurewa, ya sayar a kan kuɗin da bai kai na kwanon wake ba, wa ya cuta? Haka ɗan ƙauyen da zai zauna JAMB, wadda tun 2015 ta koma kwamfuta zalla, alhali shi bai taɓa dafa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa. Darasin da zai nuna masa yadda allon yake kafin ranar ya fi masa wasu littattafan amfani.

To, masu suka fa? Ba jahilai ba ne, ba kuma maƙiya ci gaba ba, kamar yadda wasu samari ke ɗauka. Yawancinsu sun ga jiya ne. Dattijo zai ce wa ɗan ƙaninsa, "Ɗana, wayar da kake son ka mayar rumfa, da wace wuta za ka yi mata caji?" Yaron ya ce, "Baffa, ai akwai sola." Baffa ya ce, "Kai kana da ita. Wanda zai saya fa?" Kuma gaskiyarsa. Ƙauyuka da yawa a ƙasar Gwaram wutar KEDCO sai dai labari, mai waya sai ya biya a rumfar caji. Akwai wuraren da sabis ɗin da zai sauke bidiyo sai an fita bayan gari ko an jira tsakar dare. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, data ta ƙara tsada a daidai lokacin da abinci ke gagarar mutane. Mai darasi yana lissafin farashinsa ne kawai, mai saye kuwa sau uku yake biya: kuɗin darasi, kuɗin data, kuɗin caji.

Wannan matsala ce ta gaske, amma irin wadda ake iya ragewa ce. Murya ta fi bidiyo sauƙin nauyi, gajeren darasi ya fi dogo. Wadda ta fi ta ciwo ita ce sata.

A nan masu suka suna da shaida a hannu, wato abin da ya sami Kannywood. Akwai lokacin da fim ɗin Hausa ke fita a kaset, daga baya a faifan CD, diloli a Kano su saya su rarraba har Nijar da Kamaru, furodusa ya ci riba ya sake wani. Da wayoyi masu memori suka yawaita, sai 'yan tura suka bayyana a kowace tasha da kowace kasuwa: kwamfuta ɗaya, benci ɗaya, ka ba da 'yan canji a cika maka waya da fina-finai da waƙoƙi. Kai kuma ka je gida ka tura wa abokanka ta Xender, ko data ba a taɓa ba. Kasuwar faifai ta mutu murus. Idan masana'anta guda, mai ƙungiyoyi da jarumai da hukumar tacewa a bayanta, ta kasa tsare hajarta, ina ga yarinya ɗaya da littafinta? Marubutan intanet sun san wannan sarai. Shi ya sa za ka ga a saman shafi an rubuta gargaɗi da Allah ya isa ga duk wanda ya fitar da littafin waje, amma kafin a kwana biyu ga shi yana yawo a guruf-guruf, wani ma ya karanta shi da murya ya ɗora a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, wadda ta shafi abubuwan intanet. Sai dai marubuciyar da ke sayar da littafi a kan 'yan ɗaruruwan naira ba za ta ɗauki lauya ta bi wanda ba ta san sunansa ba.

Masu goyon baya sukan ce ai akwai dandalin da ke tsare haja, irin su Selar da ArewaBooks, inda sai an biya ake buɗewa. Masu suka kuma su tuna musu da OkadaBooks, wanda aka kafa a 2013, marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a ciki, ya rufe a ƙarshen 2023. Su tuna musu da rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da yanke layukan waya a Zamfara a Satumban 2021. Wanda ya kafa sana'arsa a dandalin wani, ranar da mai dandalin ya rufe ƙofa ko gwamnati ta ba da umarni, ba shi da ta cewa.

Akwai kuma wata suka da ba ta shafi riba ba, ta shafi zuciya. Mun taso a ƙasar da ilimi sadaka ne. Malamin zaure yana karantar da Ahalari da Iziyya da Risala shekara da shekaru bai taɓa yanka wa ɗalibi farashi ba. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi ya shiga gidaje ta Rediyon Kaduna ba da kuɗi ba. Karatuttukan Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a 2007, har yau suna yawo daga waya zuwa waya, kuma kowa na ganin tura su lada ne. A irin wannan ƙasa, in ka ce wa mutum kada ya tura wa ɗan'uwansa abu mai amfani, sai ya ga kamar rowa kake koya masa. Masu wannan ra'ayi suna tsoron ranar da komai zai koma sai da kuɗi, har nasihar da maƙwabci ke yi wa maƙwabci.

Ina girmama wannan tsoro, amma ban yarda ya isa hujjar hana sana'ar ba. Kakanninmu ba su taɓa ɗauka cewa mai ilimi iska yake ci ba. Kuɗin Laraba da iyaye ke aika wa malamin allo fa? Noman gonar malam da almajirai ke yi fa? Kafin zuwan injin ɗab'i akwai masu kwafar littattafai da hannu, suna sayarwa a Kasuwar Kurmi, da wannan suke ci da iyalinsu, ba wanda ya ce sun sayar da addini. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 sayar da ita aka riƙa yi. Littattafan su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da suka koya wa dubban mata son karatun Hausa, da kuɗi aka saye su. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Wanda ya zaɓi ya bayar da iliminsa kyauta, Allah Ya ba shi lada. Wanda ya kwana uku yana haɗa darasin gyaran injin ban ruwa ya ce a biya shi, bai yi abin kunya ba, kamar yadda bakanike bai yi ba.

Inda na koma ɓangaren masu suka gaba ɗaya shi ne kan irin hajar da ta fi yawa a kasuwar. Ka duba abin da ake tallatawa da ƙarfi, za ka tarar mafi yawansa ba darasin wake ba ne, ba na lissafi ba. Darasin yadda za ka yi kuɗi da wayarka ne. Ka biya ka shiga, abin da za a koya maka shi ne yadda kai ma za ka tallata wannan darasin ga wasu a ba ka kamasho. Ba a noma komai ba, ba a ƙera komai ba, ba a gyara komai ba, kuɗi ne kawai ke tashi daga aljihun na baya zuwa na gaba, na ƙarshe kuma ya tashi a tutar babu. Mai tallan yakan ɗauki hoto a jikin motar da ba tasa ba, ya nuna alat ɗin da ba wanda zai iya tantancewa, ya ce saura gurbi biyar a rufe. Mun ga ƙarshen MMM a Disamban 2016. Mun ga samari sun kwashe watanni suna dangwalar waya saboda Hamster Kombat a 2024, ranar rabo da yawansu abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba. Mun ga CBEX ta tafi da dukiyar mutane a Afrilun 2025. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai waɗanda suka buɗe aji suna karɓar kuɗi don su koya wa mutane yadda ake shiga. Abin yana ƙona mini rai, domin wanda ake cuta yawanci yaro ne da uwarsa ta sayar da akuya ta saya masa wayar.

Wanda ya fi wannan haɗari shi ne na lafiya. Ana sayar da darussan haɗa magunguna na gyaran jiki da na ƙiba da na haihuwa, waɗanda ba likitan da ya duba, ba kuma NAFDAC. Littafin takarda aƙalla yana da sunan maɗaba'a da wurin da za a je a yi ƙorafi. Darasin waya lamba ce kawai, gobe a kashe ta. A garin da ke da babban asibitin tarayya da makarantar jinya, abin takaici ne mace ta sha haɗin da ta koya daga muryar da ba ta san mai ita ba. Ma'aikatan lafiyar da suka san gaskiyar abin su ne ya kamata su cika wannan fili da Hausa, da sunansu da fuskarsu, domin muddin suka bar shi wasu za su cike shi.

Saboda haka in matashi daga Birnin Kudu ko Gwaram ya tambaye ni, ba zan ce masa ya bari ba, ba kuma zan ce masa ya ajiye gona ko shago ya rungumi wannan ba. Zan tambaye shi abu ɗaya: abin da kake son ka koyar, kana yin sa da hannunka, mutanen unguwarku sun san ka da shi? In tela ce, a ga ɗinkinta. In mai kiwon kaji ne, a ga kejinsa, a ji kuma yadda ya yi da ƙwai ya yi araha ko cuta ta shiga. Wanda zai ji kunyar tsayawa a ƙofar gidan mai unguwa ya koyar da abin a bainar jama'a, bai kamata ya sayar da shi ga baƙi a waya ba. Kuma akwai abubuwan da ba wanda ya fi ɗan yankin cancantar ya tattara su: noman riɗi da zoɓo a irin ƙasarmu, yadda ake cinikin hatsi da dabbobi a Sara, tarihin zanen shanun da ke jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, wanda masana suka fara rubutu a kansa tun shekarun 1950 amma yawancin yaran garin ba su taɓa jin bayaninsa da harshensu ba.

Game da sata kuwa, gara a daina yaudarar kai: duk abin da za a iya turawa, za a tura shi. Kannywood da ta gane haka sai ta koma YouTube, shirye-shirye irin su Izzar So suka riƙa fita kyauta, kuɗin ya fito daga talla. Amma wannan hanya ta mai miliyoyin 'yan kallo ce, ba ta mai koyar da mutum arba'in ba. Abin da ƙaramin malami zai sayar wanda ba ya turuwa shi ne kansa. Ɗaliba ta haɗa sabulu ya ƙi daskarewa, ta ɗauki hoto ta aiko, a gaya mata inda ta kuskure a awon soda. Manomi ya ga ganyen riɗinsa ya canza launi, ya turo murya, a amsa masa kafin magariba. Ɗan JAMB ya yi gwaji a duba masa. Wanda ya sami darasin ta hanyar sata ya sami rubutu ne, bai sami wannan ba, kuma sau da yawa shi ne zai dawo ya biya. Hakan na nufin sana'ar ba irin wadda ake tallatawa ba ce, ta ka yi sau ɗaya ka kwanta kuɗi na shigowa. Koyarwa ce, da duk gajiyarta.

Su kuma 'yan tura da masu rumfar caji, maimakon a tsaya ana yi musu Allah ya isa, ni a ganina diloli ne da ba a ɗauka aiki ba. Su ne suke da kwamfuta da wuta a inda babu, su ne manomi ke zuwa wurinsu ranar kasuwa, su ne suka san wa ke neman me. Mai darasi zai iya zuwa da kansa ya ba su kayan, su tura wa mai saye ba tare da ya ƙona data ba, su karɓi kuɗi hannu da hannu, su cire kasonsu, su rubuta lambar wayar mai sayen domin a saka shi a guruf ɗin tambaya da amsa. Wasu za su ci amana, kamar yadda wasu dilolin faifai suka ci a da. Amma wanda ke samun kaso a kan kowane mutum da ya shigar guruf yana da dalilin da zai sa ya tallata darasin ranar kasuwar Sara, maimakon ya zuba shi kyauta cikin tarin fina-finan Indiya.